In nau'i guda na ƙudan fure ya ɓace, ai sauran za su cike gurbinsa, ko kuwa?

Lambu_Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga masana noma da masu kiwon zuma. Ana ta maganar wani ƙuda mai gashi, ɗan'uwan ƙudan zuma, wanda masana ke kira Bombus, wai yana ƙarewa a Amurka da Turai, har Amurka ta sa wani nau'insa cikin jerin halittun da ke dab da ɓacewa a 2017. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ƙwarin da ke bin fure ai ba su ƙirguwa. Ga ƙudan zuma, ga galla, ga malam-buɗe-littafi, ga ƙudaje, har rina takan leƙa. In nau'i ɗaya ya tafi, a ganina sauran sun samu sarari ne, abinci ya ƙaru musu, fure kuma ba zai rasa baƙo ba. To ina asarar take? Wa ya cutu?

Mai_Amya_Ngaundal:
Wa alaikumus salam. Malam Lambu, maganarka dutse. Ni mai kiwon zuma, in an rage wa ƙudana abokan ci ai murna zan yi. Bakin da ke kan fure ya ragu, amya ta cika da wuri. Ban ga abin tada hankali ba.

Ɗalibar_Dang:
Yaya Mai Amya, da Malam Lambu, ku yi min uzuri zan ɗan tsawaita, domin wannan tambayar an gwada ta a fili, ba a baki kawai ba.

A da masana da yawa ra'ayinku suke da shi. Lissafin da aka riƙa yi a kwamfuta yana nuna cewa in nau'i ɗaya ya ɓace tsirrai ba za su ji jiki sosai ba, muddin akwai wasu ƙwarin da ke zuwa kansu. Sai wasu masu bincike biyu, Berry Brosi da Heather Briggs, suka je kan duwatsun Kolorado a Amurka, inda nau'o'in Bombus wajen goma ke kiwo wuri guda. Suka yanki fili mai tsawon mita 20 da faɗin mita 20, suka bi da raga suka kama nau'in da ya fi yawa a wurin, suka bar sauran. Sannan suka riƙa bin ƙudan da suka rage ɗaya bayan ɗaya suna rubuta furen da kowanne ya sauka a kai. An buga sakamakon a 2013.

Ga abin da suka gani. Kafin a cire nau'in, kusan kashi 78 cikin ɗari na ƙudan kowanne yana tsayawa ne kan iri ɗaya na fure a fitarsa kiwo. Bayan an cire, sai ya sauko kashi 66. Wato da gasa ta yi sauƙi, sai ƙudan suka saki jiki, su taɓa wannan iri su taɓa wancan. Kuma wani fure mai launin shuɗi da ake kira Delphinium, wanda suka auna, ƙwayar da ya yi ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ku lura fa, furen bai rasa masu zuwa ba. Ana zuwa kansa. Ƙwayar ce ta ragu.

Lambu_Garwa:
Ƙanwata, nan ne ban gane ba. Ana zuwa kansa, kuma ƙwaya ta ragu? Ta yaya?

Ɗalibar_Dang:
Saboda garin fure ba ya aiki sai a kan irinsa. Garin kabewa ba zai sa kuɓewa ta yi 'ya'ya ba. Ƙudan da ya tashi daga kuɓewa ya sauka kan kuɓewa, ya isar da saƙo. Wanda ya tashi daga kuɓewa ya sauka kan kabewa, sannan ya koma kan riɗi, kamar ɗan aike ne da aka ba wasiƙar gidan Alhaji ya kai gidan Liman: ya yi tafiya, ya sha ruwa a gidan, amma wasiƙar ta tashi a banza. Har ma garin da ba nasa ba yakan toshe bakin furen, in na gaskiyan ya zo daga baya ya rasa wurin zama. Gasa tsakanin nau'o'in ita ke tilasta wa kowa ya riƙe layinsa.

Baba_Sarkin_Noma_Gidar:
'Yata Allah ya yi miki albarka, kin yi bayani. Amma ni tsoho ina da tambaya. Wannan Bombus ɗin, shi ne babban ƙudan nan baƙi mai ƙugi, mai huda azara a zaure? In shi ne, to yana nan bai je ko'ina ba, jiya ma yara suka kakkaɓo ɗaya.

Malamin_Kimiyya_Kusuri:
Ranka ya daɗe Baba, ba shi ba ne, amma tambayar taka ita ce ta kawo zancen gida. Bombus ƙudan ƙasashen sanyi ne. Nau'o'insa sun kai 250 a duniya, mafi yawansu a Asiya da Turai da Amurka. A Afirka sai can arewacin Sahara, wajen Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Kamaru da Chadi da Najeriya babu shi. Wanda ka gani mai huda icce masana na kiransa Xylocopa, kuma shi ne yake yi mana a nan yawancin aikin da Bombus ke yi musu a can: babba ne, yana da nauyi, yana iya girgiza fure. Saboda haka tambayar Malam Lambu in za a mai da ita tamu sai a ce: in mai huda azara ya ɓace daga gonakinmu, ƙudan zuma da galla za su iya riƙe aikinsa?

Mai_Amya_Ngaundal:
Za su iya mana! Amya guda dubban ƙuda ne. Shi wancan ɗaya-ɗaya yake yawo.

Malamin_Kimiyya_Kusuri:
Yawa daban, iyawa daban, Yaya. Ɗauki tumatir da gauta da yalo. Garin furensu a kulle yake cikin wani ɗan bututu mai ƙaramar ƙofa, ba ya fita sosai sai an girgiza shi. Bombus da mai huda icce sukan rungumi furen su karkaɗa jikinsu, ka ji wannan ƙugin, garin ya zubo. Ƙudan zuma bai iya wannan ba ko kaɗan, ko da miliyan ne. Shi ya sa tun ƙarshen shekarun 1980, aka fara a Beljiyam, ake kiwon Bombus a kwali ana sayar wa masu noman tumatir a rumfunan gilashi. Kafin nan ma'aikata ne ke bin fure ɗaya-ɗaya da wata 'yar sanda mai karkarwa.

Mai_Tumatir_Lagdo:
To ni tumatir ɗina a bakin dam yake yi, ban taɓa sayen kwali ba, ban taɓa riƙe sanda ba 😂

Malamin_Kimiyya_Kusuri:
Naka a sarari yake, iska na kaɗa maka shi kyauta, kuma akwai masu ƙugin da ke zuwa da sassafe kafin ka gama shan shayi. A rumfar gilashi babu iska babu ƙwaro, shi ne bambancin.

Ɗan_Injamena:
Ni kam ina gefen Malam Lambu har yanzu. Gwajin da ƙanwarmu ta kawo, fili ne ɗan mitsitsi, kuma na ɗan lokaci. Ka kama ƙuda da safe ka auna da rana, wannan ba ɓacewa ba ce. In nau'i ya ɓace da gaske, shekara biyar, goma, sauran za su hayayyafa su ƙaru, gasar ta dawo yadda take, kowa ya koma layinsa. Allah bai bar halittarsa haka sakaka ba.

Ɗalibar_Dang:
Ɗan Injamena, wannan suka ce mai ƙarfi, ba zan raina ta ba. Gaskiya ne gwajin gajere ne. Amma dubi abu biyu. Na ɗaya, cike gurbin yawa ba shi ne cike gurbin siffa ba. Tun 1978 wani masani, David Inouye, ya yi irin wannan gwajin a kan duwatsun nan dai na Kolorado da nau'i biyu, ɗaya mai dogon harshe, ɗaya mai harshe gajere da shi. Kowanne na da furensa, mai dogon harshe na bin fure mai zurfi. Da ya cire ɗayan, sai ɗayan ya faɗaɗa kiwonsa zuwa furen abokinsa. Wannan ya nuna gasa ce ke raba su, kamar yadda ka ce. Sai dai harshe ba ya tsawo don abokin gasa ya mutu. Akwai zurfin da gajeren harshe ba ya kaiwa.

Na biyu, kafin sauran su hayayyafa, tsiron da ƙwayarsa ta ragu shi ma yana raguwa. Bana ƙwaya kaɗan, baɗi tsiro kaɗan, shekara mai zuwa fure kaɗan. Su ƙananan ƙwarin da ke cin abinci a kan wannan tsiron, waɗanda suka yi murnar samun sarari a farko, su ne za su zo su tarar tukunyar ta ragu. Nan ne amsar "wa ya cutu" take.

Hajiya_Mai_Albasa:
Ni ban san Kolorado ba, na san Marwa. Duk mai fitar da irin albasa ya san in furen ya buɗe ba a ga ƙuda a kai ba, to irin zai fito shiƙa ce kawai, ba nauyi. Kuma ba ƙudan zuma kaɗai ke zuwa ba, har koren ƙudan nan na mahauta, da wasu ƙanana da ban san sunansu ba. Mu dai ba ma son ko ɗaya ya ɓace.

Kawu_Bello_Figil:
Hajiya kin tuna min. Mangwaro ma yawancin masu zuwa kan furensa ƙudaje ne da galla. Kuka kuwa jemage ne ke yi mata da dare, ɗorawa ma jemage na zuwa. Kowane icce da nasa.

Matashi_237:
To gero da dawa da masara fa? In duk ƙudan suka mutu yunwa za a yi kenan?

Malamin_Kimiyya_Kusuri:
A'a ƙanena, kwantar da hankalinka. Gero, dawa, masara, shinkafa, har masakwar da ake dasawa a karal bayan ruwa ya ja, ba su dogara da ƙwari ba, iska ce ko kuma su yi wa kansu. Gyaɗa ma kanta take yi wa. Tuwo ba zai ɓace ba, miya ce za ta tsuke: kuɓewa, kabewa, kankana, riɗi, irin albasa, man kaɗanya. Rahoton da masana na ƙasashen duniya suka fitar a 2016 ya ce kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in amfanin gona na abinci suna amfana da masu barbarar fure, wasu da yawa wasu kaɗan.

Mai_Amya_Ngaundal:
Tunda an ambaci kaɗanya, zumar da ake ɗiba bayan furenta ta fi kowace ƙamshi. Amma yanzu kasuwa ta lalace, ana dafa sukari a zuba a jarka a ce zumar Adamawa ce. Mu masu ta gaskiya mu ke shan wahala.

Goggo_Ngaundere:
Wallahi kuwa. Yaya za a gane ta gaskiya? Wasu sun ce a tsoma ashana, in ta kama to mai kyau ce.

Mai_Amya_Ngaundal:
Goggo, ashana ba hujja ba ce, sukarin da aka dafa ya yi kauri shi ma ashana za ta kama. Ki saya wurin wanda kika sani, ko ki sayi saƙarta gaba ɗaya ki tace da kanki.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a yi haƙuri, zancen zuma da sukari a buɗe masa nasa wurin. Tambayar Malam Lambu tana nan ba a gama da ita ba.

Injiniya_Mundu:
Bari in kawo misalin da ya daɗe, tunda Ɗan Injamena ya ce gwajin gajere ne. Wannan ya fi shekara ɗari. Turawan da suka zauna Niyu Zilan sun kai wata ciyawar dabbobi mai jan fure mai zurfi. Ciyawar tana fitowa, amma ba ta yin iri na kirki, kullum sai an sayo iri daga Turai, alhali ƙasar na da ƙwarinta, kuma an riga an kai ƙudan zuma. Ba wanda ya cike gurbin. Sai a 1885 da aka ɗauko Bombus daga Ingila aka saki, sannan ciyawar ta fara yin iri. To in da sauran ƙwari na iya ɗaukar kowane aiki in an ba su lokaci, ai sun samu lokacin.

Ɗan_Injamena:
Injiniya, wannan baƙuwar ciyawa ce a baƙuwar ƙasa. Tsiron gida da ƙwarin gida sun daɗe tare, sun san juna.

Injiniya_Mundu:
To ai daɗewar tasu tare ita ce matsalar. Furen da ya daɗe da babban ƙuda siffarsa ta dace da babban ƙuda. Ran da babban ya tafi, shi ma ya zama baƙo a gidansu.

Ɗalibar_Dang:
Ina so in dawo da mu gida da misalin wake, don a jami'armu ta Ngaundere an yi aiki sosai a kan wannan. Farfesa Tchuenguem Fohouo da ɗalibansa sun yi shekaru suna nazarin ƙwarin da ke zuwa kan wake da auduga da sauran amfanin gona, a Dang da Marwa da wasu wurare, kuma mai huda icce, musamman nau'in Xylocopa olivacea, yana cikin waɗanda suka fi mai da hankali a kai. Furen wake a rufe yake, yana da wani leɓe a ƙasa wanda sai ƙwaro mai nauyi ya danna shi sannan mazaunin garin furen ya fito ya goge shi a jiki. Ƙaramin ƙuda zai iya zuwa ya lasa ya tafi bai buɗe komai ba. Wake yana iya yi wa kansa barbara, shi ya sa ba za ka ga gona ta tashi babu komai ba, amma furannin da babban ƙudan ya ziyarta sun fi waɗanda aka rufe ɗaukar kwanso da cika ƙwaya. Irin wannan asarar ba ta ihu. Manomi zai ce ruwa ne, ko ƙasa ta gaji, ko iri ne ba shi da kyau.

Baba_Sarkin_Noma_Gidar:
Ikon Allah. Mu kuwa gani muke ɓarna ce kawai yake yi mana a azara. Yara ma kama shi suke su ɗaura masa zare suna wasa da shi.

Malamin_Kimiyya_Kusuri:
Baba, a ja musu kunne, macen tana harbi, namijin ne ba shi da ƙari. Kuma gidansa busasshen icce ne. Duk inda aka kwashe busassun itatuwa aka yi gawayi ko makamashi, an kwashe masa gida, shi ya sa yake komawa azarar zaure. Wanda ya jingine 'yan gungume a gefen gona ya rage wa zaurensa huda.

Manomin_Auduga_Gashiga:
Ku kuna maganar nau'i ɗaya, mu nan feshi ba ya tambayar nau'i. Maƙwabcina ya yi wa wakensa feshi da hantsi, fure a buɗe, da maganin da ya rage masa na auduga. Washegari ƙasan gonar baƙi ƙirin da gawar ƙuda, manya da ƙanana, har amyar wani bawan Allah da ke kan tsamiya ta mutu. Da na yi masa magana ya ce tsutsa ce za ta cinye masa wake. Kuma ba ƙarya ya yi ba, tsutsar na nan. To ya za a yi?

Injiniya_Mundu:
Furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe. In dole ne sai an yi feshi, a bari sai yamma liƙis lokacin da ƙudan suka koma. Ba ya kawar da illar duka, amma yana ragewa. Kuma maganin auduga ba na wake ba ne, wannan har ga mai cin waken haɗari ne. A Turai tun 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da magungunan kashe ƙwari guda uku na dangin niyonikotinoyid a gonakin da ke sarari saboda ƙudan fure.

Manomin_Auduga_Gashiga:
Ita kanta audugar tana buƙatarsu ne?

Ɗalibar_Dang:
Sosai, Kawu. An yi bincike a Burkina Faso, aka buga a 2017: da aka hana ƙwari isa ga furen, amfanin auduga ya ragu da kusan kashi 37 cikin ɗari, na riɗi kuma da kusan kashi 59. 'Yan'uwanmu na Chadi da riɗi ke cikin manyan abin da suke fitarwa waje, wannan lissafin nasu ne.

Ɗan_Injamena:
Wannan na yarda da shi, amma ku lura an sauya tambaya. Hana duk ƙwari daban, ɓacewar nau'i ɗaya daban. Malam Lambu nau'i ɗaya ya tambaya.

Lambu_Garwa:
Yauwa, na gode Ɗan Injamena. Kuma ni abin da na fi son ji shi ne su sauran ƙwarin kansu, ba tsiron ba. Riba suka ci ko asara?

Malamin_Kimiyya_Kusuri:
Ya danganta da wane ƙwaro, kuma yaushe. A farko wasu riba suke ci, babu musu: furen da babban ke tarewa ya zama nasu. Su Brosi sun sake fitar da wani nazarin a 2017 wanda ya haɗa har da ƙudaje da ƙananan ƙudan daji, suka ga ba sauran Bombus kaɗai ba, tsarin wa ke zuwa kan wane fure ne gaba ɗaya ya sauya.

Amma akwai waɗanda tun ranar farko asara za su yi. Wasu manyan ƙuda, har da namu mai huda icce, in fure ya yi musu zurfi sukan tsaga shi ta gindi su sha ruwan. Wannan ƙofar da suka buɗe, ƙudan zuma da ƙananan ƙwari sukan biyo baya su sha ta nan, don su ba za su iya tsagawa ba. Babban ya tafi, ƙofa ta rufe. A can ƙasashen sanyi kuma akwai wasu nau'o'in Bombus da ba sa gina gida, sai sarauniyarsu ta kutsa gidan wani nau'in ta sa ma'aikatansa su rena mata 'ya'ya. In mai gidan ya ɓace, ita ma ta tafi, kuma ita takan riga shi ma, tunda dama ba ta kai shi yawa ba.

Sai abu na ƙarshe da nake ganin ya fi duka. Abin da ya kashe nau'in farko bai gama aikinsa ba. In feshi ne, ko cuta, ko zafi, ko rashin wurin gida, sauran ma a ciki suke. Nau'in da Amurka ta sa a jerin nan a 2017 ya ragu da kusan kashi 87 cikin ɗari cikin shekara ashirin, kuma ba shi kaɗai ya ragu ba. Wani ɗan'uwansa na jihohin Oregon da Kalifoniya a Amurka rabon da a gan shi tun 2006.

Mai_Amya_Ngaundal:
To in haka ne mafita mai sauƙi ce, a ƙara amya a ko'ina. Ko kuma a sayo mana kwalin Bombus ɗin daga Beljiyam mu ma mu saki.

Injiniya_Mundu:
Kai, Yaya, rufa mana asiri! An yi haka a Chile. A 1997 aka shigo da Bombus na Turai don aikin gona, ya tsere ya bazu, ya ƙetara duwatsu ya shiga Ajantina. Suna da nasu na gida, ja mai girma, yana cikin mafi girman Bombus a duniya. Duk inda baƙon ya isa, na gidan sai ya ɓace, kuma masana na zargin har da cutar da baƙon ya zo da ita. Ga shi baƙon gajeren harshe gare shi, furannin da na gidan ke shiga ta ƙofa shi tsaga su yake ta gindi. Gurbi dai an cike, yawan ƙuda ma ya ƙaru, amma aikin ba ɗaya ba ne.

Ɗalibar_Dang:
Ƙara amya ma da iyakarsa, Yaya Mai Amya, kada ka ji haushina. Namu ƙudan zuman ɗan gida ne, ba baƙo ba, wannan alheri ne. Amma in aka jibge amya da yawa wuri guda a lokacin rani da fure ya yi ƙaranci, galla da sauran ƙanana ne za su kwana da yunwa. Kuma a Ingila an nuna a 2014 cewa cututtukan ƙudan zuma na kiwo, har da mai lanƙwasa fiffike, ana samunsu a jikin Bombus na daji. Fure ɗaya kowa ke sa baki.

Mai_Amya_Ngaundal:
Ba haushi ƙanwata. Amma ku zo Ngaundal ku gani, daji ne har inda ido ya tsaya, amyarmu ba ta hana kowa ci ba. Masu sa wuta su ƙone gidan zuma gaba ɗaya da dare don su ɗebi saƙa, su ne abin magana, ba mu ba.

Hajiya_Mai_Albasa:
Ni tambayata ga ɗalibar nan: in ana so a gane ko babban ƙudan na ƙara wa wake wani abu, mutum zai iya gwadawa a gonarsa, ko sai jami'a?

Ɗalibar_Dang:
Za ki iya, Hajiya. Ki yanka tsohon gidan sauro, ki ɗaure wasu furannin tun suna toho kafin su buɗe, ki sa wa wasu alama da zare ki bar su a buɗe, adadi ɗaya. In sun nuna ki ƙirga kwanso da ƙwaya. Kusan haka ake yi a binciken ma.

Ɗan_Injamena:
Kun ga, mun sake komawa gidan jiya. Gidan sauro kowa yake hanawa. In ana son amsar Malam Lambu, sai a samu mai tsayuwa a gona da raga tun asuba yana kama mai huda icce kaɗai, ya bar ƙudan zuma da galla, sannan a ga me za su yi.

Ɗalibar_Dang:
Akwai hanya tsakani. Ka ɗaure furen, da safe ka buɗe ka tsaya, in babban ya sauka sau ɗaya ka mayar ka ɗaure. Wani furen kuma ka jira ƙudan zuma. Sai ka gwada aikin kowanne. Ba zai nuna maka yadda halin sauran ke sauyawa ba, amma zai nuna ko hannunsu ɗaya.

Lambu_Garwa:
Na ji bayanin wake da tumatir, sun shige ni. Na cewa sauran ƙwarin za su cutu kuwa, har yanzu ina ganin ƙudan zuma shi ko a jikinsa, duk abin da ya faru zai samu na ci. Galla da ƙananan ne watakila.

Baba_Sarkin_Noma_Gidar:
Ni dai gonata tana nan bakin hanyar Gidar, waken zai yi fure wajen watan tara in Allah ya kai mu. 'Yata in za ki turo yaran makarantarku da ragarsu su zo, akwai fura. Amma su zo da nasu gidan sauron, namu muna amfani da shi.

Mai_Tumatir_Lagdo:
Baba a sa da ni, amma ba ni ne mai kama macen ba.